Kowa na son ɗan sama jannati, kuɗin tafiyarsa ne ake ja a kai

A watan Mayun 1961 ne shugaban Amurka John F. Kennedy ya tsaya gaban majalisar dokokin ƙasarsa ya ce kafin shekarun 1960 su ƙare sai Ba'amurke ya taka duniyar wata ya dawo gida lafiya. A cikin watan nan dai cibiyar Gallup, wadda ta yi suna wajen ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, ta gaya wa Amurkawa an ƙiyasta aikin zai ci dala biliyan 40, ta tambaye su ko sun amince a kashe wannan kuɗi. Kashi 58 cikin 100 suka ce ba su amince ba. Masu cewa a kashe kashi 33 ne kacal.

A dubi lokacin da aka yi tambayar. Wata guda ke nan da Yuri Gagarin na Tarayyar Sobiyet ya zagaya duniya cikin kumbo, ranar 12 ga Afrilu, Amurkawa kuma na cikin takaicin an sake riga su, bayan wanda suka sha a 1957 da Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. In da akwai lokacin da mutane za su buɗe aljihu ba gardama, to lokacin ne. Sai ga shi mafi yawansu sun ƙi.

Yau idan ana labarin shirin Apollo, wato shirin Amurka na kai mutum wata, sai ka ji kamar ƙasar gaba ɗaya ta tsaya tsintsiya maɗaurinki ɗaya a bayansa, daga baya ne zuciya ta mutu. Roger Launius, wanda ya daɗe yana riƙe da muƙamin babban masanin tarihi na NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ya bi ƙuri'un jin ra'ayi na waɗannan shekaru ɗaya bayan ɗaya, ya tarar ba haka aka yi ba. Kusan duk tsawon shekarun 1960, mafi yawan Amurkawa ba su yarda Apollo ya cancanci kuɗin da ake zuba masa ba. Sau ɗaya ne masu cewa ya cancanta suka haura rabi, wato a watan Yulin 1969 da Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka sauka a wata, kuma ko a nan kashi 53 suka samu. Mutanen nan fa su ne suka kwana gaban talabijin suna kallo, su ne suka cika titunan New York suna yi wa 'yan sama jannatin maraba. Suna son mutanen, suna alfahari da abin da suka yi, amma da an kawo maganar kuɗi sai fuska ta canza. Wannan hali bai gushe ba har yau, kuma ina ganin ba rashin sanin ciwon kai ba ne, kamar yadda masoya sararin samaniya kan ɗauka.

To in jama'a ba su so ba, daga ina kuɗin ya fito? Daga tsoro ya fito. Akwai faifan wata ganawa da aka yi a fadar White House a watan Nuwamban 1962, inda Kennedy ya gaya wa shugaban NASA James Webb, ba kwana-kwana, cewa abin da ke gabansa shi ne a riga Sobiyet zuwa wata, in ba don haka ba bai kamata a kashe irin wannan kuɗi ba, domin shi sararin samaniya bai dame shi can-can ba. Shekara guda ba ta cika ba, a watan Satumban 1963, ya je zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi tayin a haɗa hannu da Sobiyet a tafi watan tare. Wanda ya ƙaddamar da gasar ya fara jin nauyin kuɗinta tun ba a je ko'ina ba.

Gasar kuwa domin idon duniya aka yi ta, musamman ƙasashen da suka sami 'yancin kai a lokacin, waɗanda kowane ɓangare ke son su ga tsarinsa ne ya fi. Mu ma abin ya ratso ta ƙofar gidanmu. Cikin tashoshin da NASA ta kafa a faɗin duniya don bin sawun kumbunan Mercury, shirinta na farko na aika mutum sama, akwai ɗaya a Kano. Ranar 20 ga Fabrairun 1962 da John Glenn ya zagaya duniya, ya yi magana da tashar Kano, har ya gaya musu yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, suka ce masa ai an yi kwanaki ana iska mai ƙarfi. Lokacin hunturu ne.

Kuɗin da aka kashe ba na wasa ba ne. Apollo ya ci wajen dala biliyan 25 na wancan zamani, wanda a darajar kuɗin yanzu ya haura dala biliyan 250. A 1966 rabon NASA ya kai sama da kashi 4 cikin 100 na kasafin kuɗin gwamnatin tarayya, kuma mutum kusan 400,000 ne suka yi aiki a shirin. Daga wannan shekara kasafin ya kama gangara, wato tun ba a sauka a wata ba aka fara tsuke bakin aljihu. Da aka cimma buri, sha'awar ta dusashe da saurin da ya ba ma'aikatan hukumar mamaki. A watan Afrilun 1970, manyan tashoshin talabijin na Amurka ba su watsa hirar da 'yan Apollo 13 suka yi daga cikin kumbo kai tsaye ba, don suna ganin zuwa wata ya zama tsohon labari. Sai da tankin iskarsu ya fashe rayukansu suka shiga haɗari sannan duniya ta waiwayo. A shekarar aka soke tafiye-tafiye uku na ƙarshe da aka tsara, Apollo 18 da 19 da 20. A watan Disamban 1972 Eugene Cernan ya baro wata, mutum 12 ke nan suka taka ta, aka rufe babin.

Akwai abin da ya faru ana gobe za a harba Apollo 11 wanda nake ganin duk mai son fahimtar wannan muhawara ya kamata ya tsaya a kansa. Ranar 15 ga Yulin 1969, Rabaran Ralph Abernathy, wanda ya gaji Martin Luther King a jagorancin ƙungiyarsu ta neman 'yancin baƙar fata, ya iso bakin tashar harba kumbo ta Florida da iyalan talakawa, da alfadarai suna jan amalanke. Da gangan aka zo da alfadaran, don a ajiye su kusa da roka mafi ƙarfi da ɗan'adam ya ƙera a lokacin, kowa ya gani da idonsa. Shugaban NASA na lokacin, Thomas Paine, bai ɓuya a ofis ba, ya fito fili ya same su. Abernathy ya ce masa kashi ɗaya cikin biyar na Amurkawa ba su da isasshen abinci da sutura da matsuguni da magani, alhali ƙasar na kashe biliyoyi a sama. Paine ya amsa cewa da a ce ƙin danna maɓallin harba rokar gobe zai warware waɗannan matsaloli, da ba za a danna ba. Ya gayyaci wasu daga cikinsu su kalli harbawar a wurin manyan baƙi, ya kuma roƙe su su yi wa 'yan sama jannatin addu'a. Abernathy ya karɓa.

Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, shi ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Paine yana da gaskiya domin kuɗin da aka zare daga NASA bayan Apollo bai zama tuwo a kwanon kowa ba. Kasafin gwamnati ba ya aiki haka. Yaƙin Biyetnam kaɗai ya ci sama da dala biliyan 100, ninki huɗu na Apollo, kuma in ana neman inda kuɗin talakan Amurka ya tafi a waɗannan shekaru, can ya fi cancanta a duba. Amma Abernathy bai zo roƙon a kashe injin roka ba. Abin da ya ɗaga ya fi haka nauyi: ƙasar da ta iya tara mutum 400,000 ta ba su wa'adi ta ba su kuɗi suka kai mutum wata cikin shekara takwas, ta nuna tana iya duk abin da ta sa a gaba. Saboda haka yunwar da ke unguwannin baƙar fata da ƙauyukan kudu ba gazawa ba ce, zaɓi ne. Nasarar Apollo ita ce ta zama hujja a kan gwamnati. A 1970 wata 'yar mishan da ke aiki a Zambiya, Sista Mary Jucunda, ta rubuta wa Ernst Stuhlinger, ɗaya daga manyan masana kimiyya na NASA, tana yi masa irin wannan tambaya a kan yaran da ke mutuwa da yunwa, ya ba ta doguwar amsa wadda har yanzu ake yaɗawa. Tambayar dai ita ce ake maimaitawa duk lokacin da roka ta tashi.

Masu kare NASA suna da amsar da suka fi so, wato jama'a ba su san lissafi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A wata ƙuri'a ta 1997, da aka tambayi Amurkawa nawa suke zaton hukumar ke samu, matsakaicin amsarsu ya kama wajen kashi 20 cikin 100 na kasafin ƙasa. Ainihin rabonta a lokacin bai kai kashi 1 ba. A 'yan shekarun nan tana samun kimanin dala biliyan 25 a shekara, ƙasa da rabin kashi ɗaya. Wanda ke zaton ana kashe kashi ɗaya cikin biyar na harajinsa a sama dole ya ce a rage.

Sai dai wannan amsa ba ta rufe maganar ba, kuma a nan ne nake rabuwa da su. Cibiyar bincike ta Pew ta yi tambayar ta wata fuska a 2023. Kashi 69 cikin 100 na Amurkawa suka ce wajibi ne ƙasarsu ta ci gaba da zama jagora a harkar sararin samaniya. Wato ba maƙiyan NASA ba ne. Da aka jera musu ayyukan hukumar aka ce su faɗi waɗanda ya kamata su zama a sahun gaba, kashi 60 suka zaɓi sa ido a kan duwatsun sama da ka iya faɗowa duniya, kashi 50 suka zaɓi lura da yanayin duniya. Aika mutum wata ya sami kashi 12, aika shi duniyar Mars kashi 11. Su ne a can ƙasan jerin. A 2018 ma da cibiyar ta yi irin tambayar, a ƙasan suka zo. Mutumin da ya ba da wannan amsa bai ruɗe ba. Ya bambance tsakanin aikin da ke tsare shi da 'ya'yansa da aikin da ke burge shi, ya sa na farko a gaba. Abin lura shi ne kusan rabin kuɗin NASA a kan harkar aika mutane yake tafiya, wato abin da masu biyan haraji suka sa a ƙarshe shi ke cin kaso mafi tsoka.

Wani abin kuma, idan aka yi tambayar a kan abin da ya wuce, amsa kan yi laushi. A 1979 kashi 41 ne suka ce amfanin shirin sararin samaniya ya biya kuɗinsa. A 1999 sun kai kashi 55, a 2019 kuwa da aka cika shekara 50 da sauka a wata Gallup ta sami kashi 64. Abin ya yi kama da hawan sallah. Duk gari na fitowa kallo, kowa na alfahari da dawakin garinsu, amma mai dokin ne ya san abin da harawa da dusa da kanwa suka ci masa tun daga sallar bara. Waɗanda ake tambaya yau ba su suka ciyar da dokin Apollo ba, hawan kawai suka gada.

Me ya sa mutum ke da tsada haka? Domin na'ura ba ta shaƙar iska, ba ta shan ruwa, ba ta cin abinci, kuma ba dole ba ne ta dawo. Da zarar an sa mutum cikin kumbo, sai an ɗauki iskarsa da ruwansa da abincinsa, sai an kare shi daga zafi da sanyi da haske mai cutarwa, sai an yi wa kowane muhimmin inji madadi, sannan sai an ɗauki man da zai dawo da shi da garkuwar da za ta hana shi ƙonewa wajen shigowa. Kowane kilo da aka ƙara yana neman ƙarin mai, man kuma yana neman babbar roka. Motar bincike ta Perseverance da ta sauka a Mars a watan Fabrairun 2021 ta ci kimanin dala biliyan 2.7, har da kuɗin tafiyar da ita na shekarun farko. A 2022 babban mai binciken kuɗi na NASA, Paul Martin, ya gaya wa majalisa cewa kowace harbawa ɗaya daga cikin huɗun farko na shirin Artemis, mai niyyar mayar da mutum wata, za ta ci dala biliyan 4.1, kuma ya ce ba abu ne mai ɗorewa ba. Ofishinsa ya ƙiyasta shirin zai lashe dala biliyan 93 zuwa 2025. Indiya kuwa ta sauke na'urarta Chandrayaan-3, wadda ba kowa cikinta, kusa da ƙuryar kudancin wata a watan Agustan 2023 da kuɗin da bai kai dala miliyan 100 ba.

Ga kuma tarihin alkawuran da ba a cika ba, wanda shi ma ya koya wa jama'a shakka. An tallata kumbon nan mai fiffike da ke sauka kamar jirgin sama a matsayin wanda zai riƙa tashi kusan kowane mako a kan farashi mai sauƙi. Daga 1981 zuwa 2011 sau 135 ya tashi, kuma idan aka raba duk abin da aka kashe, kowace tafiya ta kama wajen dala biliyan ɗaya da rabi. Tashar sararin samaniya da Ronald Reagan ya ba da sanarwarta a 1984 an ce dala biliyan 8 za ta ci. Wadda aka gina daga ƙarshe tare da Rasha da Turai da Japan da Kanada ta haura biliyan 100. A watan Yunin 1993 da ƙuri'a ɗaya tak ta tsira a majalisar wakilai, 216 da 215. Manyan masana irin su James Van Allen, wanda ya gano ɗamarar hasken da ke kewaye da duniya, da Steven Weinberg mai lambar Nobel, sun sha faɗin cewa harkar aika mutane tana cinye kuɗin da kimiyya za ta fi amfana da shi.

Ba wai mutum bai yi abin da na'ura ta kasa ba. 'Yan Apollo sun dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata, na'urorin Luna na Sobiyet kuwa gram 300 da ɗoriya suka kawo a tafiya uku. A Apollo 17 akwai masanin duwatsu, Harrison Schmitt, wanda idonsa ke zaɓar abin da ya cancanci ɗauka. Madubin hangen nesa na Hubble da aka harba da aibi a 1990, mutane ne suka je suka gyara shi a 1993. Amma in kimiyya ce kaɗai manufa, duk dalar da aka kashe a kan na'ura ta fi kawo sakamako, kuma ratar sai ƙaruwa take yi.

Hujjar da na fi ƙi ita ce ta cewa kayan da muke amfani da su a gida albarkacin 'yan sama jannati ne. Wasu misalan da ake kawowa ma ba gaskiya ba ne. Teflon, abin da ake shafa wa tukunya don kada abinci ya kama, tun 1938 aka gano shi a kamfanin DuPont, Velcro kuwa, maɗaurin nan na takalma da jakunkuna da ke mannewa, wani injiniya ɗan Suwizalan ne ya ƙirƙiro shi tun ba a kafa NASA ba. Gaskiya ne buƙatar Apollo ta ƙaramar kwamfuta ta taimaki masana'antar ƙananan kayan lantarki tana jaririya. Amma abubuwan sama da suka fi taɓa rayuwar talaka, wato hasashen yanayi da sadarwa da GPS ɗin da direba ke bi a wayarsa, duk aikin taurarin ɗan'adam ne da ba kowa a cikinsu. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana amfani da hotunan taurarin ɗan'adam wajen bin damina da yanayin makiyaya a yankin Sahel, ba ta buƙatar ɗan sama jannati ko ɗaya. Idan aka cuɗa waɗannan amfanoni da tafiyar mutum don a sayar da ita, an yi wa mai sauraro rufa-ido, kuma ran da ya gane sai ya daina yarda har da gaskiyar da ke ciki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutuwa ba ta juya ra'ayin jama'a yadda kuɗi ke juya shi. Mutum uku sun ƙone a gwajin Apollo 1 a 1967. Kumbo mai fiffike Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai, har da malamar makaranta Christa McAuliffe, yara na kallo a azuzuwa. Ɗan'uwansa Columbia ya wargaje ranar 1 ga Fabrairun 2003 da wasu bakwai. Bayan kowane ɗayan biyun nan na ƙarshe, mafi yawan Amurkawa cewa suka yi a ci gaba. Sun ɗauki mamatan a matsayin jarumai da suka san haɗarin suka shiga, suna ganin tsayawa cin amanarsu ne.

Tun da jama'a ba su ɗokin biya, kuma yaƙin cacar baka ya ƙare tun 1991, me ke riƙe da shirin? Amsar tana cikin majalisa. Ba wanda ke cin zaɓe ko faɗuwa a Amurka saboda NASA, sai a jihohin da cibiyoyinta suke, irin su Alabama da Texas da Florida, inda dubban iyalai ke ci daga kwangilolinta. Mafi yawan mutane ƙin nasu mai sanyi ne, ba sa zuwa rumfar zaɓe da shi. 'Yan tsirarun da abincinsu ke ciki kuwa son nasu mai zafi ne. A 2010 gwamnatin Barack Obama ta soke shirin Constellation na komawa wata saboda tsada da jinkiri, sai majalisa ta rubuta doka ta umarci a ƙera sabuwar babbar roka, SLS, da kayan tsohon kumbo mai fiffike da kamfanonin da ke yin su. An ce za ta tashi a ƙarshen 2016, ba ta tashi ba sai Nuwamban 2022. Injinanta guda huɗu, waɗanda a da ake dawowa da su a sake amfani da su, yanzu teku suke faɗawa bayan tafiya ɗaya. Masu sukarta kan kira ta rokar majalisar dattawa. Duk mai son ganin mutum ya koma wata, irin wannan kashe kuɗi ya kamata ya fi ɓata masa rai fiye da kowa, domin shi ke ba masu adawa makami.

A Tarayyar Sobiyet ba a tambayi kowa ba. Babbar rokarsu ta zuwa wata, N1, ta gaza sau huɗu tsakanin 1969 da 1972, kuma an ɓoye wa 'yan ƙasa labarin kusan shekara 20. Da Mikhail Gorbachev ya sassauta bakin mutane a ƙarshen shekarun 1980, ana layin burodi da nama, kuɗin sararin samaniya na cikin abubuwan da aka fara suka a fili. Kumbonsu mai fiffike, Buran, sau ɗaya ya tashi a watan Nuwamban 1988, ba kowa ciki, daga nan bai sake ba. Indiya kuwa ta bi wata hanya. Vikram Sarabhai, uban shirin ƙasar, ya faɗa tun farko cewa ba su da mafarkin yin gasa da ƙasashe masu arziki wajen zuwa wata ko aika mutum, burinsu shi ne amfani da fasaha a kan matsalolin jama'a. Shekaru da dama taurarin yanayi da na sadarwa suka sa a gaba, har hasashen guguwar teku ya riƙa ba su damar kwashe mutane kafin ta iso. Sai a 2018 Narendra Modi ya ba da sanarwar shirin Gaganyaan na aika Ba'indiye da kumbon ƙasarsa. Sun fara da abin da ke da amfani, suka sayi amincewar jama'arsu da shi, sannan suka nemi na alfahari. Wannan jeri nake so a tuna duk lokacin da maganar ta taso a Najeriya, kamar a 2016 da ministan kimiyya Ogbonnaya Onu ya ce ƙasar za ta aika ɗan sama jannati kafin 2030. Tauraron da zai nuna inda ambaliya za ta bi da kujerar mutum ɗaya cikin kumbo ba abu ɗaya ba ne, bai kamata a kare su ko a soke su da baki ɗaya ba.

Shigowar attajirai ta ƙara wa muhawarar wani zafi. A watan Yulin 2021 Richard Branson da Jeff Bezos suka yi 'yar gajeriyar tafiya zuwa bakin sararin samaniya, duniya na fama da annobar korona. Bezos da ya sauko ya gode wa ma'aikatan Amazon da masu sayen kayansa, ya ce su suka biya kuɗin, maganar ta ɓata wa mutane da yawa rai. A watan Satumba babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya António Guterres ya ambaci attajirai masu yawon shaƙatawa a sama alhali miliyoyi na kwana da yunwa. A nan ba kuɗin haraji ake kuka a kai ba, ratar da ke tsakanin mai shi da marar shi ce ta fito tsirara. Duk da haka adalci ne a faɗi cewa kamfanoni sun sauko da farashi. Daga 2011 zuwa 2020 Amurka ba ta da kumbon kanta na ɗaukar mutane, kujera take saya a kumbon Soyuz na Rasha, har farashin ya haura dala miliyan 80. Masu binciken kuɗin NASA sun ƙiyasta kujera a kumbon Dragon na kamfanin SpaceX a kan kimanin miliyan 55. Sai dai kada a manta da kuɗin gwamnati aka ƙera shi, kwangilar 2014 ta dala biliyan 2.6 ce, ta kamfanin Boeing kuma biliyan 4.2. Mai biyan haraji bai fita daga lissafin ba.

Ni ina cikin masu son a ci gaba da aika mutane. Ina ganin akwai daraja a ce ɗan'adam ya je da ƙafarsa ya ga girman halittar Allah da idonsa, kuma ba duk abin da al'umma ke kashe wa kuɗi ne ake auna shi da riba ba. Amma in wannan ne dalilin, shi ya kamata a faɗa wa mutane, a gaya musu nawa zai ci, a bar su su auna. Kashi 12 ɗin nan na Pew saƙo ne, kuma amsarsa ita ce a rage tsadar tafiyar, a daina taɓa kuɗin binciken yanayi da na na'urori don cike giɓinta.

Alamu dai na nuna tsohon dalilin ne ke dawowa. Sin ta aika ɗan sama jannatinta na farko, Yang Liwei, a 2003, ta kammala tasharta ta sararin samaniya, Tiangong, a 2022, ta kuma ce za ta sauke mutum a wata kafin 2030. Tuni 'yan majalisar Amurka na jam'iyyun biyu suka koma maganar kada a bari a riga su, irin wadda aka yi a 1961. Wannan zai sa kuɗi ya fito ko jama'a sun so ko ba su so ba. A daidai lokacin kuma tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ba ta rabu da mutane ba tun Nuwamban 2000, ana shirin yi mata ritaya wajen 2030, har NASA ta ba SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 a 2024 don ƙera kumbon da zai sauko da ita teku. Majalisa za ta yanke shawara a kan magajinta da kan zaman dindindin a wata cikin shekarun nan kaɗan, kuma wannan karon ba tafiyar kwana uku a saman wata ake nema a biya ba, kuɗin gida ne da za a riƙa biya duk shekara.